Mota Maras Nauyi da Filin da Kano Ba Ta Ware Ba

A watan Mayun 1974 motoci suka tashi daga Landan a wata gasar tsere da aka shirya albarkacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta wannan shekarar. An tsara su ratsa Sahara ta Tamanrasset da Agadas, su iso Kano, sannan su juya su nufi Munich a Jamus. A kudancin Aljeriya lissafi ya ɓaci, domin an ƙara tsawon wata hanya bayan an kammala rubuta littafin da ke yi wa direbobi jagora, sai da yawa suka ɓace cikin rairayi. Motoci 19 ne suka ga ƙarshen gasar, biyar kacal a cikinsu suka cika dukan zangon. Stirling Moss, wanda sunansa ya cika duniyar tsere, a hamada ya ajiye tasa Mercedes. Wadda ta yi nasara Citroën DS ce ta wasu mutum uku daga Ostareliya, Ken Tubman da André Welinski da Jim Reddiex, kuma ukun da suka biyo bayanta duk Peugeot 504 ne.

Darasin wannan tafiya shi ne ƙarfin inji bai ceci kowa ba. Waɗanda suka kai Kano suka koma su ne masu motar da za a iya kwancewa a ɗaure a tsakiyar daji, da direban da ya san inda zai sassauta. A kan wannan fahimta aka gina tseren tsofaffin motoci na masu sha'awa, wanda malaman makaranta da kanikawa da 'yan kasuwa suke yi da kuɗin aljihunsu a ƙarshen mako.

Asalin abin a Ingila yake. A 1939 aka kafa ƙungiyar 750 Motor Club domin masu ƙaramar motar nan Austin Seven, waɗanda ba su da halin sayen motar tsere. Sukan cire gangar jikin motar, su bar ƙashinta da injinta, su lulluɓe ta da falankin alminiyam. Daga cikinsu Colin Chapman ya fito, wanda ya kafa kamfanin Lotus a 1952, ya kuma fitar da Lotus Seven a 1957: kujeru biyu, ba rufi, ba ƙofa, nauyinta wajen kilo 500. Ana sayar da ita a warwatse, mai saye ya harhaɗa abinsa a gida, wanda hakan ya sa ya tsira daga harajin sabuwar mota. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau ana yin ta, ana tsere da ita.

Hujjar Chapman mai sauƙin ganewa ce. Ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake amfani, amma rage nauyi yana amfani a ko'ina: wajen tashi, wajen shan kwana, wajen taka birki. Mota mai kilo 500 tana buƙatar kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfin da mai kilo 1,500 take buƙata kafin ta kai gudu ɗaya a lokaci ɗaya. Tayoyinta ba sa saurin cinyewa, birkinta ba ya saurin yin zafi, mai kaɗan take sha. Shi ya sa talaka ya iya shiga harkar. Sai dai akwai lissafi na biyu da babu motar da ta kuɓuta daga gare shi. In gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. Wanda ya taka birki a kan kilomita 120 a awa zai share ninki huɗu na tazarar wanda ya taka a kan 60.

Kano ba baƙuwar tsohuwar mota ba ce. Shekara guda bayan waccan gasa, a 1975, kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, kuma 504, wadda Bahaushe ya raɗa wa Fijo, ta ci gaba da fitowa daga can shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina yin ta. A 1974 ɗin ne kuma aka kammala dam ɗin Tiga, wanda ruwansa ya mayar da ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam gonakin rani. Motar da ta zo ta biyu a Sahara ita ce daga baya ta zama akori-kurar da ke kwaso kwandunan tumatir daga Kadawa zuwa Kwanar Gafan, a kan burjin da ke bin gefen magudanan ruwa. Ba wanda ya kira ta motar tarihi a can. Aiki take yi, ana kuma gyara ta da kayan da aka tsinto a Ƙofar Ruwa.

Akwai wani tsohon bakanike a wajejen Panshekara, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, da ya koyi sana'a tun 504 tana sabuwa. Da kunne yake gane injin da fulogi ɗaya ya mutu, da tafin hannu yake auna zafin lagireto. Bai taɓa jin sunan Chapman ba, amma in direba ya kawo masa mota yana kukan ba ta jan hawa, abin da yake fara dubawa shi ne lodin da aka ɗora mata. Yakan ce wa yaransa mota kamar jaki ce, wanda ya rage mata kaya ya ƙara mata ƙafa. Abin da yake hana shi barci shi ne yaran nan nasa. Hannunsu ya faɗa, sun iya sitiyari fiye da yadda ya iya a shekarunsu, kuma ya san inda suke nuna wannan iyawa: a ayarin ɗaurin aure da na kai amarya, inda ake wasan mota a kan kwalta, ana juya ta tana ƙara, hayaƙin taya yana tashi, yara ƙanana suna tsaye a gefe ba abin da ya raba su da ƙarfen sai iska. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya dawo da motar wani mai gyara gabanta a lotse. Da aka tambaye shi sai ya ce, “Oga, birki ne ya ƙi.” Tsohon ya duba birkin ya same shi lafiya ƙalau. Tazara ce ta ƙare wa yaron, kuma Allah ne ya sa katanga ya samu.

Jami'an KAROTA da na hukumar kiyaye haɗurra da 'yan sanda suna kama masu irin wannan ganganci, kuma sun yi daidai, domin titi na kowa ne. Amma kame bai taɓa kashe sha'awar gudu a zuciyar matashi ba. Kano ta san maganin wannan tun kafin zuwan mota. Doki ma yana kisa, sai aka ware masa filin sukuwa da filin folo, aka sa masa alƙalai da ƙa'ida, mahayi ya samu inda zai nuna bajinta, 'yan kallo suka samu inda za su tsaya.

Abin da ya sa tseren masu sha'awa ya ɗore a Ingila ke nan. Kafin mota ta shiga fili sai masu bincike sun duba birkinta da tayoyinta da bel ɗin kujera da abin kashe gobara da bututun ƙarfen da zai kare kan direba in ta kife. Direba sai da lasisin tsere da hular kwano. A kowace kwana akwai mai tuta: rawaya na nufin haɗari a gaba, a rage gudu, ba wuce wani, ja na nufin an tsayar da tsere. Motar asibiti tana jira. Ana raba motoci aji-aji bisa shekarunsu da girman injinsu, don kada mai kuɗi ya saye nasara. Akwai ma nau'i mafi arha, wanda mota ɗaya ce take shiga a lokaci guda, ta zagaya alamomin da aka jera a fili, agogo ya yi hukunci. A irin wannan gudu bai cika yawa ba, kuma ƙaramar tsohuwar mota takan kunyata babbar sabuwa.

Wannan nau'i na ƙarshe bai fi ƙarfin Kano ba. Ba ya buƙatar kwalta, shimfiɗaɗɗen fili mai shinge ya isa, nesa da gidaje da gonaki. Burjin gefen magudanan Kura da Bunkure bai dace ba, domin hanyar manoma ce da shanu da masu babur, ga ruwa mai zurfi a gefe. Kanikawan da za su duba motoci suna nan, tsofaffin Fijo da Beetle da Datsun da ke ruɓewa a bayan gareji suna nan, matasa masu hannu suna nan. Argungu ma ta daɗe da haɗa tseren motoci a cikin bikinta na kamun kifi, don haka abin ba baƙo ba ne a Arewa. Abin da ya rage shi ne ƙungiya mai rajista da za ta rubuta ƙa'ida, da hukumar da za ta ba da fili, da sharaɗi guda da ba sassauci a kansa: duk wanda aka kama yana wasa da mota a kan titi ya rasa damar shiga fili. Matashin da ya san sunansa yana kan allon sakamako yana da abin da zai yi asara, kuma irin wannan shi ne yake fara koyon inda ake ɗaga ƙafa daga totur.