Jingar Da Ta Ceci Gari, Ta Cinye Gonar Baba

Na san kuna jiran ci gaban littafinmu, ku yi mini afuwa, wata magana ce ta tokare mini ƙirji, in ban fitar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi gudu ba.

Garinmu yana bakin Kogin Haɗeja, kogin da ruwan madatsun Tiga da Challawa ke gangarowa cikinsa. A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, hukuma ta turo manyan motoci aka ɗaga jingar garinmu, aka ƙara mata tsawo. Wallahi aikin alheri ne, don ba domin ita ba da gidanmu ma sai dai labari. To amma shi ruwa in ka tare shi nan sai ya nemi can, can ɗin kuwa fadamar Baba ce, inda shinkafarsa ta fara fitar da kai. Kwana biyu kacal gonar ta koma tafki. Da wannan shinkafa aka yi niyyar yi wa autarmu kayan ɗaki, dole aka ɗaga bikin.

Da ruwa ya janye na raka Baba ofis. Ma'aikacin ya saurare mu da mutunci, sannan ya ce, "Baba, waɗanda jinga ta bi ta gonakinsu su ne ke cikin lissafin diyya. Taka ko taku ɗaya ba mu taɓa ba." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ku taɓa ba, amma ku kuka aiko ruwan." Mutumin ya yi shiru.

Daga nan na nemi wani lauya ya warware mini. Ya ce sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta biyan diyya cikin gaggawa ga wanda gwamnati ta karɓe wa dukiya, ya kuma ba shi damar zuwa kotu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 28, ta ba gwamna ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ce a biya kuɗin gini da shukar da ke kai. Duk wannan maganar wanda aka karɓe wa ce. Wanda aka juyo wa ruwa kuwa, tunda doka ce ta ba da izinin aikin, galibi sai ya nuna wa kotu an yi sakaci kafin ya samu ko sisi. Ina Baba zai samu injiniyan da zai tsaya masa shaida?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne karatun da muka yi a Islamiyya, cewa larura tana halatta abu amma ba ta kashe haƙƙin mai shi. Wanda yunwa za ta halaka ya ci abincin wani bai yi laifi ba, sai dai zai biya. To gari guda ya tsira da gonar dattijo ɗaya, don me shi kaɗai zai ɗauki asarar?

Shi Baba ya ce ya bar wa Allah, ko gobe aka ce gari ko gonarsa, gari zai zaɓa. Ni kuwa na kasa haƙura. Shawarata gare ku, in irin wannan ta same ku, ku ɗauki hotuna tun ruwa bai janye ba, ku kira mai unguwa ya gani da idonsa, ku haɗu ku rubuta koke da sunan kowa.

An yi bikin auta bayan shekara, da gado da katifa na bashi, har yau ina biya da kuɗin littafi. Allah Ya kiyaye mu da sharrin ruwa, amin. Sai mun haɗu a babi na gaba.