Totuwar da Muke Cinna wa Wuta



Ana tsakiyar azumi, lokacin da ƙanƙara ke tsada, batiran solar shagona biyu suka mutu rana ɗaya. Firiza ta tsaya, ƙanƙara ta koma ruwa. Na je Funtuwa tambayar na litiyam. Da na ji kuɗinsa, na lissafa buhunan masarar da zan sayar, sai na dawo Malumfashi hannu rabbana.

Ɗan yayata da ke karatun kimiyyar sinadarai a Zariya ya tarar da ni ina wannan lissafi. Ya ɗauko kanwa, ya ce, "Kawu, akwai sodiyam a cikin wannan, haka ma gishirin miya. Da shi ake son maye gurbin litiyam, don ya fi shi yawa a duniya nesa ba kusa ba." Ya ce tun 2021 kamfanin CATL na ƙasar Sin ya gabatar da batirinsa na sodiyam.

Na ce to me ake jira?

Ya ce akwai nau'in da zai fi ɗaukar wuta, wanda ake sa zallar ƙarfen sodiyam a ɓarin da ake kira anod. Matsalar ita ce, duk caji ƙarfen ba ya kwanciya sumul, sai ya riƙa tsiro kamar ƙaya. Ƙayar ta huda shamakin da ke tsakanin ɓangarorin biyu, batir ya lalace, wani lokaci har ya kama wuta. Masu bincike na gwada shafa masa kariya, ko su yi masa mazauni na gawayi mai ƙananan ƙofofi inda zai kwanta daidai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga cikin abubuwan da ake gwada yin wannan gawayi da su har da ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin shinkafa da totuwar masara. Ni kuwa duk kaka tsibi guda nake cinna wa wuta a bakin gona.

Na sani ba gawayin murhu ba ne, sai an gasa shi da zafin da ya kai digiri 1,000. Amma masarar tamu ce, jami'ar ma tana kusa. Auduga mun noma, wasu suka saƙa, muka saya da tsada. Kada totuwa ma ta bi sahu.

Batirin dai tsoho na saya, ina lallaɓawa. Yaron kuma na ce ya riƙe karatunsa da kyau.

Allah Ya sa mu dace.