Ranar Da Kuɗin Rajistata Suka Maƙale

Ni ɗalibin Hausa ne, ban san kan kwamfuta ba, amma wuya ta koya mini wani abu game da ita, shi ne kuwa nake so in ba ku labari.

A farkon zangon karatun bana Baba ya sayar da buhun gyaɗa biyu ya aiko mini kuɗin rajista. Na shiga intanet na biya, banki ya cire kuɗin, sai sadarwa ta katse. Da na koma, shafin ya ce ban biya ko kwabo ba. Kwana tara ina kai da kawowa tsakanin banki da ofis, kowa na cewa ba daga wajensa ba ne. Baba kuwa na kasa gaya masa, don na san babu buhu na uku.

Abokin ɗakina, wanda ke karatun kwamfuta, shi ya warware mini zancen. Ya zana da'ira huɗu a takarda: an buɗe, ana jira, an biya, an fasa. Ya haɗa su da kibau, ya ce wannan shi ne injin matakai. Wato kowane lokaci aiki yana kan mataki ɗaya tak, kuma ba ya matsawa sai ta inda kibiya ta nuna. Ya ce dabarar ta daɗe, don George Mealy ya yi rubutu a kanta a Amurka a 1955, Edward Moore kuma a 1956.

Na ce, "To malam, ina kuɗina suka shiga?"

Ya ce, "Mai yiwuwa injin nasu bai rubuta inda ya tsaya ba." Idan an bar matakin cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi kawai, da injin ya mutu sai ya manta. Kamata ya yi tun kafin a tuntuɓi banki a rubuta "ana jira" a rumbun bayanai, tare da lambar da babu mai irinta. In inji ya farfaɗo sai ya duba, ya tambayi banki labarin lambar, ya ɗora daga nan. Ko saƙon ya zo sau biyu, lambar za ta hana a caje mutum sau biyu.

Nan take na tuna darasinmu na al'adun aure. Ana gaisuwa, a yi baiko, a sa rana, sannan a ɗaura, ba a tsallake. Kowane mataki kuma a gaban shaidu ake yinsa, domin ko wakili ya rasu, magana ba ta bi shi kabari ba. Abin da injin nan ya rasa ke nan, shaidu.

A rana ta goma kuɗin suka dawo, na sake biya gabana na faɗuwa. Roƙona ga 'yan'uwanmu masu koyon wannan sana'a shi ne, in za ku gina irin wannan inji, ku tuna gumin wani ne ke bi ta cikinsa. Allah ya sa mu dace, amin.