Gary Gygax: Mai gyaran takalmin da ya koya mani kallon fim

A ran 4 ga Maris, 2008 wani dattijo mai suna Gary Gygax ya mutu a garin Lake Geneva da ke Jihar Wisconsin ta Amurka, ya na da shekara 69. Na san mai karatu zai ce ina ruwan mu da shi, tunda shi ba jarumi ba ne, ba kuma darakta ba? Haƙuri dai. Ni kai na lokacin ina firamare, ban taɓa jin sunan sa ba. Amma a yau duk sharhin fim da na rubuta akwai hannun sa a ciki.

A 1970 Gygax ya rasa aikin sa a wani kamfanin inshora, ya koma gyaran takalma a gida don ya ciyar da iyali. A 1974 shi da Dave Arneson su ka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, bugun farko kwafi 1,000 kacal. Wasan ba ya buƙatar allo ko wutar lantarki. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labari ya zama shi: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo. Mutum ɗaya, wanda mu ke kira uban wasa, shi ke fayyace wurin da ake da abin da ya tunkaro. Kai kuma ka faɗi abin da za ka yi. Sai a jefa ƙwaya irin ta lido, wata ma fuska 20 gare ta, ita za ta nuna ko ka yi nasara. Ba a sa kuɗi, don haka ba caca ba ce. Wanda ya kalli Stranger Things na 2016 ya ga yara su na yin sa.

Ni a kwalejin kimiyya da fasaha na haɗu da wasan, ina karatun difloma. Wani aboki na ɗan sashen kwamfuta ne ya sauko da ƙa'idojin daga intanet. Dodannin Turawa da bokayen su ba su burge mu ba, sai mu ka zubar da su mu ka ɗauko namu. Mu ka riƙa zama fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba, ko mafarautan da dare ya yi wa a gindin dutsen Kwatarkwashi. Ƙwayar lido biyu da takardar jarrabawar da ta wuce, su ne duk kayan aikin mu.

Daren da ya tsaya mani a rai shi ne wanda mu ka ɗauko labarin Korau. Duk ɗan 'Yandoto ya san shi: tarihin baka ya ce daga garin mu ya fita, ya kayar da Sarki Sanau a kokawa bayan matar Sanau ta tona asirin mijin ta, ya hau gadon Katsina. Sai uban wasa ya ba wani daga cikin mu matsayin matar, ya tambaye shi, "To, za ki faɗa ko ba za ki faɗa ba?" Yaron nan ya yi shiru ya fi minti biyar. Ya tambayi me Sanau ya taɓa yi mata, me za ta samu, wa zai kare ta idan abin ya ƙi. Daga ƙarshe ya ce ba zai faɗa ba. Korau ya shiga kokawa hannu rabbana, kuma babu wanda ya san yadda za ta kaya, har shi uban wasan.

Abin da na koya kenan: labari ya na da rai ne idan mutanen cikin sa su na da zaɓi, kuma zaɓin na iya jawo masu asara. Da wannan ma'aunin na ke kallon finafinan mu. Sau nawa ka ga kishiya ta tafi wajen boka tun minti na goma ba tare da an nuna maka me ya tura ta ba? Sau nawa attajiri ya hana 'yar sa auren talaka don kawai marubuci na son a yi kuka kafin waƙa? Ba su su ka zaɓa ba, jan su ake yi da igiya. Shi ya sa ɗan kallo ke faɗin ƙarshen fim tun bai gama cin gyaɗar sa ba. A teburin Gygax ba ka isa ka yi haka ba, domin wanda ke riƙe da kishiyar zai dube ka ya ce, "Ni ba zan je ba."

Kada kuma a ce baƙon abu ne. A wasan kalankuwa bayan kaka, samarin ƙauye kan naɗa sarki da alƙali da 'yan doka a tsakanin su, a yi shari'a ba tare da rubutaccen labari ba. Haka 'yan tashe da azumi. Bambancin shi ne Gygax ya zauna ya rubuta ƙa'idojin nasa, shi ya sa wasan ya haura shekara 50, har aka yi fim a kan sa a 2000 da 2023. Namu kuwa a dandali ya ke zaune, ga shi matsalar 'yan bindiga ta watse dandalin dare a ƙauyuka da yawa na Tsafe da Bungudu. Yaran da su ka taso gudun hijira a Gusau, a ina za su koya? Abin da ba a rubuta ba, idan dandali ya mutu tare su ke tafiya.

Shawara ta ga marubutan mu na fim da na littafi ita ce, kafin ka kai wa furodusa ko maɗaba'a labari, tara abokai huɗu, ka raba masu mutanen ciki, ka bar su su yi maka gardama. Duk inda su ka ƙi bin ka, nan ne labarin ke da rami. Ɗaliban Hausa kuma su taimaka su rubuta mana yadda ake kalankuwa tun masu sanin ta su na raye. Allah ya zaunar mana da ƙasar mu lafiya, amin.