Kare Mai Rigar Aro

A ƙasar Hausa an san kare da aiki biyu, gadi da farauta. Amma a waɗansu ƙasashe, kamar Ingila da Amurka, magidanci ya kan ajiye kare don ya zama abokin wasan 'ya'yansa, ya ci da shi, ya kai shi asibiti in ya yi ciwo. Cikin karnukan da su ke ajiyewa akwai wani mai ban mamaki da a ke kira Shar-Pei, wanda fatarsa ta yi masa yawa, ta ninninke tun daga goshi har gadon baya, sai ka ce yaro ya sa rigar ubansa.

Asalinsa daga kudancin ƙasar Sin ne, wajen lardin Guangdong. Ma'anar sunan kuwa fata mai rairayi, domin gashinsa gajere ne mai kaushi. Manoman can sun daɗe suna kiwonsa don tsaron gida da dabbobi da farauta. Tsayinsa inci 18 zuwa 20, nauyinsa wajen kilo 20 zuwa 27. Kunnuwansa 'yan ƙanana ne, wutsiyarsa a naɗe bisa baya, harshensa kuwa shuɗi ne mai duhu.

Bayan shekarar 1949 kiwon karnuka ya ja baya ƙwarai a ƙasar Sin, har irin ya tasam ma ƙarewa. A 1973 wani mai kiwonsu a Hong Kong, sunansa Matgo Law, ya aika da roƙo ga wata mujallar karnuka ta Amurka, a taimaka kada irin ya ɓace. Amurkawa suka amsa, suka yi ta saye. To, sai dai abin da ya ja hankalinsu ninkin fatar ne. Da masu kiwo suka ga haka, sai suka riƙa haɗa masu yawan ninki su haihu, don 'ya'yan su fi tsada. Karen manoman Sin na dā bai kai na yanzu yawan fata ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Abin da a ke so ga karen nan, shi ne tushen wahalarsa. Masana sun gano cewa wani abu mai yauƙi da jikinsa ke yi fiye da kima shi ke taruwa a fata ya sa ta kauri da ninki, sun kuma ga yana da dangantaka da wani zazzaɓi na gado da ke kama irin. Zazzaɓin ya kan zo farat ɗaya, gaɓar ƙafar baya ta kumbura, bayan kwana ɗaya ko biyu ya sauka. In ya yi ta dawowa, ya kan lalata ƙoda. Ban da wannan, nauyin fatar fuska ya kan sa fatar ido ta juya ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido, in ba a kula ba har kare ya makance.

Saboda haka magidancin da ya ƙudura zai sayi ɗan kwikwiyon Shar-Pei, kada kyan fuska ya ruɗe shi. Abu na fari, ya tafi da ƙafarsa gidan mai kiwon, ya ga uwar, ya tambayi labarin uban. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: in uwa mai zazzaɓi ce ko mai cizo, ɗanta yana iya gadonta. Abu na biyu, ya duba idon kwikwiyon. In ya ga yana runtsewa, ko hawaye da kwantsa na zuba, ya haƙura da shi. Ya sansana kunne, ya buɗa ninkin fata ya ga ko akwai ja ko ƙuraje. Cikin 'yan'uwa ya zaɓi mai kuzari, mai matsakaicin ninki, wanda ba ya ɓuya in ya ga baƙo. Kada kuma ya raba shi da uwarsa sai ya cika mako 8. Mai araha a bakin hanya ya kan ci kuɗin magani ninki biyu, sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida ne.

In an kawo shi gida, sai a fara da likitan dabbobi. Allurar rigakafi ta fari a kan yi ta tsakanin mako 6 da 8, a maimaita, ta ciwon haukan kare kuwa wajen wata 3. Wannan ta ƙarshe ba don kare kaɗai ba ce, don yaran gida ne, gama cutar nan in ta bayyana a jikin mutum kusan ba wanda ke tashi. A ba shi maganin tsutsar ciki, a riƙa cire masa kaska da ƙuma.

Abinci sau uku ko huɗu a yini yana ƙarami, in ya girma sau biyu ya isa. Kada a ba shi albasa, ko inabi, ko cakulan, ko dafaffen ƙashin kaza. In an yi masa wanka, lalle a tsane kowane ninki da ƙyalle, don laima a ɓoye ita ke kawo ƙaiƙayi da wari. Kafar kunnensa matsattsiya ce, sai a duba ta kowane mako, a kuma kiyaye kada ruwa ya shiga. Ba ya jure zafi, saboda haka a ba shi inuwa da ruwan sha kullum, yawo kuwa da safe ko da yamma.

Saura hali. Shar-Pei kare ne mai natsuwa, mai son mutanen gidansa, amma yana da taurin kai, ba ya kuma sakin jiki da baƙi ko da waɗansu karnuka. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A saba masa da mutane tun yana ƙarami, a hore shi da lallashi da lada, gama duka ba ya ƙara masa kome sai tsoro da cizo. A koya wa yara kada su ja fatarsa, kada su taɓa shi yana cin abinci, kada kuma a bar shi da jariri ba babba a kusa.

Karen nan ya kan yi shekara goma a duniya, wani ma ya wuce. Wanda ya ɗauko shi ya ɗauko amana ta wannan tsawon lokaci, da cinsa, da shansa, da maganinsa. Magidanci ya auna aljihunsa da haƙurinsa tukuna. In ya ga ba zai iya ba, barinsa wajen uwarsa shi ne tausayi.