Daren da na kwana gadin kwamfuta

Da na ji Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, sai na kai kwamfutar shagona aka ɗora mata Windows 11. Ba a yi kwana biyu ba ta fara nauyi, in ka buɗe fayil sai ta tsaya cak. Gabana ya faɗi, kuma wallahi ba don kwamfutar ba. A cikinta hotunan takardun gidanmu suke, da na aikin Baba a reluwe, Allah ya jiƙansa. Na asalin sun ƙone a shagonsa lokacin da aka ƙona kasuwar Kafanchan a 2011.

Yaron da ke mana gyara ya saurari ƙarar da take yi, ya ce, "Kawu, faifan ajiyarku ne ya tsufa, sabuwar Windows asirinsa kawai ta tona." Ya fara kwashe takardun a filash. Guda biyu suka ƙi. Sannan ya rubuta chkdsk /r, ya sake kunna ta, ya ce za ta bi faifan lungu-lungu, ta killace inda ya lalace, ta ceto abin da zai cetu. Kada wuta ta ɗauke, in ji shi. A garin nan!

Na tayar da janareto tun bayan isha'i, ina zaune ina kallon lambobi suna rarrafe har kusan asuba.

Takardar gida ta buɗe lafiya lau. Ta ritayar Baba kuwa rabinta na ƙasa ya zama toka-toka, daidai inda ya sa hannu.