Bas ɗin da muka mayar ɗaki, da hanyar Salaga

Duk wanda ke fatauci tsakanin Kumasi da arewacin Ghana ya san ba kuɗin mai kaɗai ke cinye riba ba, har da wurin kwana. In kai kaɗai ne da sauƙi: ka shimfiɗa tabarma a barandar masallaci, ko ka kishingiɗa a kujerar direba, gari ya waye. Ranar da ka ce za ka ɗauki iyali kuwa, lissafi ya canza. Ko dai ɗaki biyu a otal kowane dare, ko ka faɗa wa wani ɗan'uwa a zango da mutum biyar, shi ma ciki da falo gare shi, ya tura matarsa maƙwabta saboda ku. Wannan nauyin ne ya sa yarana uku ba su taɓa wuce Mampong ba, alhali ni ina kai atamfa da shadda har Tamale.

Motata tsohuwar Toyota Hiace ce mai dogon baya, irin wadda ake yin tiro-tiro da ita. Na kai ta Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi, inda in ka iya kwatanta abu da baki za a ƙera maka shi da ƙarfe. Sharaɗina ɗaya: kada motar ta daina neman kuɗi. Turawan da ake gani a intanet suna kafa kabad da wurin wanka, motarsu ta zama ta shaƙatawa kawai. Ɗan kasuwa ba shi da wannan sararin. Saboda haka aka cire kujerun baya, aka bar layi ɗaya na yara, aka yi gado da ƙarfe mai kusurwa da katako, a ɗaure da noti ba walda ba, yadda mutum biyu za su kwance shi cikin minti ashirin. Aka ɗaga shi sama har dilar atamfa na shiga ƙarƙashi. Kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyi, don kada mota ta riƙa rangaji a kwana.

Abin da ya fi gadon muhimmanci shi ne zafi da sauro. Mota akwatin ƙarfe ce, in ta sha rana sai ta zama tanda har tsakar dare. Muka liƙa soso a ƙarƙashin rufi aka rufe da siririn katako, aka sa raga a tagogi biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. A sama akwai faranti ɗaya na sola, da batir nasa daban. Wannan kada a yi wasa da shi: in ka jona fanka da cajin waya a batirin tada mota, da asuba za ka nemi masu turi. Ruwa jarka biyu, buta biyu, bokiti. Tukunyar gas tana da akwatinta kusa da ƙofar baya, kuma ba a kunna ta a ciki ko da ruwan sama ake yi. Maman yara ce ta ɗinka labulen da ya raba gaba da baya, ta kuma ce a sa tamfol a gefe mai sanda biyu, wanda ke zama rumfa da rana, da dare ya zama makwancina ni da babban yaron. Kafin mu tashi na je wurin masu inshora na faɗa musu abin da na yi wa motar, domin mota mai rajistar haya da aka cire wa kujeru sai an yi bayaninta a kowane shingen 'yan sanda.

Tafiyar farko ta iyali ba Tamale muka nufa ba, Salaga. Mahaifina ya sha gaya mana kakansa daga Kano ya zo da jakai neman goro, ya zauna a can, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa su kamar yadda ya tarwatsa sauran fatake zuwa Yeji da Kete Krachi da Kumasi. Muka bi tsohuwar hanya: hawan dutsen Mampong, inda motar ta yi ta nishi a giya ta biyu, sai Ejura da buhunan masararta, Atebubu da tulin doya a bakin titi, Prang, sannan Yeji a bakin tafkin Volta.

A da kogi ake tsallakawa a nan. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya baje ya zama tafki, yanzu sai babban jirgin fito mai ɗaukar motoci zuwa Makango. Mun iso bayan la'asar, jirgin ranar ya riga ya tafi, manyan motocin doya da gawayi sun yi layi. Da a ce da ne, da na shiga neman ɗaki a garin da ban san kowa ba, da mace da yara ana kallonmu. Maimakon haka na tambayi gidan Sarkin Zango, muka je muka gaisa, na ajiye ɗan goro, na ce wurin tsayawa kawai muke nema. Ya sa yaro ya nuna mana gefen masallaci, inda akwai haske da bayan gida. Shawarar da zan bai wa duk mai irin wannan motar ke nan: kada ka kwana a daji don kana da gado. Ko gidan mai mai maigadi, ko cikin zango da sanin manyansa.

Aka kafa rumfa, maman yara ta soya kifin da muka saya a bakin ruwa. Kafin isha'i matan unguwa sun cika wurin suna leƙen gadon. Wata tsohuwa ta dafa katifar ta ce, "Ke 'yar nan, mijinki ya huce miki kwanan tasha." Ta aiko mana da koko da ƙosai da asuba, ta ƙi karɓar ko sisi.

Fiton ya ɗauke mu sama da awa ɗaya. Ƙaramar 'yata ta yi ta nuna kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, suna tsaye tsakiyar tafki ba ganye.

Salaga ba ta cika ido ba in ka zo da labarin kakanni a kai. Gari ne matsakaici, ƙura da babura, a yankin Gonja ta Gabas, ƙarƙashin sabon yankin Savannah. Kasuwar da ta tara goron Ashanti da kanwa da tufafin Kano ta fara raguwa tun bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, hanyoyin ciniki suka juya. Abin da ya rage shi ne rijiyoyi, da yawa ƙwarai, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, da wurin da aka kafa alama cewa nan ne kasuwar bayi. Na tsaya da yaran a wurin na gaya musu gaskiya: ayarin da ya kawo kanwa ya tafi da goro, wani lokaci har da mutane yake saye da sayarwa. Babban ya ce, "Baba, har da kakanmu?" Na ce abin da aka bar mana labari goro ne, amma a kasuwa ɗaya suka zauna.

Wani dattijo da muka tarar a ƙofar masallaci ya ji sunan kakan namu, ya yi shiru, ya ce sunan ya yi yawa a garin nan a wancan zamani, amma ya kai mu unguwar da Kanawa suka fi zama. Akwai rijiya a bayan wani kango, har yanzu da ruwa. Ya aro guga, yaran suka ja bi da bi, muka cika buta biyu muka yi alwalar azahar. Daren nan a ƙofar gidansa muka kafa rumfa, washegari na kwance rabin gadon na fito da dila biyu na atamfa, don ranar kasuwa ce.